Fadamar da Aka Ba Na'Allah

Duk wanda ya ci kasuwar Bodinga a shekarun Yaƙin Hitila ya san Na'Allah mai albasa, mutumin Sifawa. Dogo ne, bayansa ya ranƙwafa saboda jan jigon ban ruwa, ga shi da kunyar tsiya. Ko ƙafa ka taka masa, shi zai ba ka haƙuri. Ba a taɓa ganin wanda kunya ta yi wa ɓarna kamarsa ba.

Yana goye ubansa ya rasu, kakansa Malam Hammadu ya riƙe shi. Shekara talatin yana noma a gandun tsohon. Shi ya sare fadamar gidan, ya haƙa rijiya, ya kafa jigo, har albasarsu ta yi suna. Tsoho kuwa ya san shari'a: jikan da ubansa ya riga kakansa rasuwa ba ya cin gado muddin akwai ɗa a raye. Ɗan kuma yana nan, Attahiru, dillalin shanu a Kajiji, wanda sai da salla ake ganin ƙeyarsa.

Don haka wata la'asar tsoho ya kira liman da maƙwabcinsa Shaihu, ya ce, "Ku shaida, hwadamag ga na ba Na'Allah, halak malak."

Na'Allah ya yi kuka, ya yi godiya, gari ya waye ya ci gaba da yadda ya saba. In ya cire albasa, a rudun kakansa, wato rumbun ajiyar albasa, yake zuba ta, tsohon ke cewa a sayar ko a bari. Matarsa Atika ta yi ta fama da shi ya kafa nasa rudun.

"Kaka na da rai in raba rudu da shi?" in ji shi. "Mutane su ce mi?"

Bayan shekara huɗu tsufa ya ruɗa Malam Hammadu. Yakan kira Na'Allah da sunan ubansa marigayi, yakan fita neman saniyar da ta daɗe da mutuwa. Na'Allah ke kamo shi, shi ke yi masa wanka, har Allah ya karɓi abinsa.

Ana gama sadakar bakwai Attahiru ya kai ƙara gun alƙali a Bodinga. Ya ce ubansa ba ya cikin hankalinsa sa'ad da ya yi kyautar, jika ne ya ci amanar mahaukaci. Wannan kalma ta fi zancen fadamar ƙona ran Na'Allah. Ya bi gida-gida yana roƙon shaidu. Liman ya tsaya gaban alƙali ya ce a shekarar kyautar tsohon ne ma ke raba wa mutane gardamar iyakar gona. Shaihu ma ya faɗi haka. Alƙali ya yarda cewa hankalin Malam Hammadu ƙalau yake ranar da ya bayar. Na'Allah ya ji sanyi a ransa.

Sai alƙali ya dube shi. "To, bayan da anka ba ka, albasar rudun wa take shiga?"

"Allah shi gafarta Malam, rudun Kaka mana," in ji Na'Allah, har da ɗan alfaharinsa.

Liman ya sunkuyar da kai. Alƙali ya bayyana masa a hankali cewa kyauta ba ta tabbata sai wanda aka ba ya karɓe ta ta koma hannunsa, tun mai bayarwa yana da rai da hankali. Da gani tausayinsa yake ji, don sai da ya sake buɗe masa ƙofa.

"Tuna dai da kyau. Ko rani guda ba ka taɓa ware ta ba? Ko kwando guda ba ka kai kasuwa da sunanka ba?"

Kowa a zauren ya gane abin da ake so ya ce. Shi ma ya gane.

"Ko ƙwara guda, Malam."

Fadama ta koma cikin gado, gado kuma na Attahiru ne. An ba Na'Allah shawara ya ɗaukaka ƙara zuwa Sakkwato, ya ce ina shi ina kai baffansa ƙara.

Attahiru bai iya jigo ba, saboda haka ya ɗauki Na'Allah ƙodago a fadamar. Haka ya ƙare rayuwarsa, yana jan ruwa daga rijiyar da ya haƙa, yana zuba albasa a rudun nan dai. Abin takaici ne, wallahi. Wata rana Atika ta roƙe shi ya taho mata da albasa biyu ta miya. Ya daɗe tsaye bakin rudun, mai shi yana can Kajiji, babu wanda zai tambaya. Ya juyo gida hannu wofi, aka sha miyar haka nan.