Goro na Huɗu

A rumfar wani tsoho mai goro a Zango nake ganinta, doguwa, farar rigar asibiti a ninke bisa mobilet, ɗan ƙaramin babur ɗinta. Ina jin ɗalibar likitanci ce daga jami'ar da ke unguwar Zogona. Ran nan na tarar tana durƙushe gaban tsohon, wanda yatsunsa suka kumbura har suka karkace. Ta jera goro huɗu a kan ganye.

"Baba, ka san yadda ake raba goron suna," in ji ta. "Haka ƙwayoyin jiki ke sanar da juna cuta ta shigo. Wannan ya aika saƙo, sitokin sunan saƙon. Wannan ya karɓa a ƙofa, ya miƙa wa na ciki, jiki ya tashi faɗa." Ta ɗaga na huɗu. "Wannan ne ke cewa ya isa. A jikinka ba a jin maganarsa, shi ya sa kumburin. Kada ka daina shan magani."

"To, ba ni na huɗun in ci," in ji tsohon.

Ba ta yi dariya ba, da alama ta sha jin haka. Ya ɗauka ya yi ta fama, yatsun suka kasa ɓare goron. Ta karɓa ta ɓare, ta miƙa masa tare da maganin.