Baba Tona da Bututun Ɗakin Haihuwa

Ƙarfe bakwai na safe za ka gan shi yana bin gindin bango a hankali, jakar kayan aiki a kafaɗa. Duk inda bututun roba mai ɗauke da wayar lantarki ya fito daga ƙasa ya hau bango, sai ya durƙusa ya duba, ya miƙe ya wuce. Baƙo zai ɗauka wani abu ne ya faɗi masa. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana kula da wutar ƙaramin asibitinmu, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Baba Tona ake ce masa, ba kuma don ƙauna aka laƙaba masa sunan ba. Idan 'yan kwangila suka binne bututu bai duba ba, maganarsa ɗaya ce: a tona. Shi ya sa lokacin cin abinci ma'aikata sukan taru a inuwa guda, shi kuwa yana can gefe a kan akwatin kayansa. Matarsa ta rasu da daɗewa, 'ya'yansa biyu suna nesa. Ban taɓa ganin wani ya jira shi a bakin ƙofa ba idan an tashi.

Abin da yake nema a cikin ramin ba wani babban abu ba ne. Roba tana miƙewa da zafi, ta tsuke da sanyi, ƙasa kuma tana zama bayan gini. Don haka ƙa'idar aikin ta ce a irin wannan wuri a sa mahaɗi mai zamewa, wato bututu cikin bututu, yadda in ƙasa ta ja zai zame maimakon ya karye. Da yawa sukan tsallake shi, tunda ba mai gani.

Ni ce shugabar ma'aikatan jinya a nan, kuma ina cikin waɗanda suka cuce shi. Shekara tara da suka wuce aka gina mana ɗakin haihuwa a wani kwari da aka cike da ƙasa. Saura kwana biyu a buɗe, an riga an raba katin gayyata, ya ce ba zai sa hannu a takardar kammala aiki ba sai an tona, don an binne bututun ba mahaɗin.

"Baba, don Allah ka rufa mana asiri," na ce masa. "Wuta ta kama, fanka tana juyawa, me kuma ya rage?"

"Ranki ya daɗe, ƙasar nan ba ta gama zama ba. Ranar da ta zauna, da bututun za ta tafi."

"To yaushe za ta zauna ɗin?"

"Ba ta gaya mini ba."

Aka tona, ya sa mahaɗin da hannunsa, aka ɗaga biki da kwana goma sha ɗaya. Ni kuwa da haushina na rubuta takardar ƙara, na kira shi mai taurin kai. Aka mayar da shi sito shekara biyu yana gadin ƙwayayen fitila. A lokacin ne aka ja wa ɗakin wanki wuta, ba wanda ya ce a tona.

Daminar bara ƙasa ta zauna. Bututun ɗakin wanki ya ɓalle daga akwatinsa, ya yanke rigar waya, wuta ta bi famfo ta jefar da mai wankinmu. Ta rayu, amma har yau hannunta ba ya riƙe tsintsiya. A bangon ɗakin haihuwa kuwa, inda masu ciki suke jingina suna jiran awo, ƙafafunsu a jiƙaƙƙiyar ƙasa, bututun ya zame kawai ya yi ƙasa. Ba wadda ta san an yi wani abu.

Kai ne ka tsare matan nan, Baba, ba su ko san fuskarka ba. Ni na sani, na kuma yi shiru wata da watanni. Kullum ka gaishe ni da safe sai kunya ta kama ni, in amsa in wuce.

Makon jiya na tare shi a gindin bangon ɗakin haihuwar, na ce ya yafe mini.

"Ai wannan ya wuce," ya ce, bai ko ɗago ba. "Abin da ya dame ni ga shi nan. Tazarar yatsa shida na bar wa mahaɗin nan ya zame, ƙasa ta ci huɗu. In ba a sake saita shi kafin damina ba, shi ma zai ɓalle. Na nemi wanda zan nuna wa, kowa ya ce yana da aiki."

Na gode, Baba Tona, Allah Ya saka da alheri. Ku kuma masu aikin lantarki da kuke karanta wannan, walimar ban kwana ba ta dame shi ba, mutum ɗaya yake nema wanda zai durƙusa kusa da shi ya koya. Ni na je, ya nuna mini, amma allura na iya, ban iya waya ba. Har yanzu ni kaɗai ce na je, kuma saura masa kwana tara ya ajiye aiki.