Malam Attahiru da Kwalbar Jar Tawada

Shekara ashirin da biyu ke nan, da zarar rana ta ɗan ɗaga, Malam Attahiru yakan fito daga gida rungume da akwatinsa na katako, ya nufi gindin tsamiyar da ke kallon gidan waya na Gusau. Ya shimfiɗa tabarma, ya goge bisa akwatin da hannun riga, ya jera takarda da alƙalami da kwalaben tawada biyu, baƙa da ja. Daga nan sai jira. Wanda ke da magana da ofishin Turawa, ba ya kuwa jin Turanci, nan yake zuwa ya tsuguna.

Malam Attahiru bai yi makarantar boko ba. Yana masinja a wani kantin sayen auduga ya tsinci Turancinsa, kalma ɗaya yau, ɗaya gobe, daga takardun da aka yar. Aikinsa kuma hanya ɗaya gare shi. Yakan bar mutum ya yi ta magana har ya gaji, sa'an nan ya tambaye shi abin da ya faru, da ranar da ya faru, da abin da yake so a yi masa. Ya rubuta layi biyar ko shida, ya mayar masa da su da Hausa, ya ce, "Haka ne, ko na ƙara?" A watan nan na bana, 1957, zai naɗe tabarmar, don yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma ya fara hazo. Shi ya sa ake wannan rubutu.

Akwai wata kalmar Turanci mai haruffa shida, ma'anarta gaggawa. Can da, Turawa kan sa ta da jar tawada a saman takardar da ba ta jira, irin ta gobara ko karyewar gada, akawu kuwa in ya gan ta sai ya miƙe tsaye. Bayan yaƙin duniya na biyu masu rubuta wa mutane takarda suka yawaita a Gusau, wani ya gano cewa in an ɗora kalmar nan amsa na zuwa da wuri. Kafin shekara ta zagayo ta zama ado. Mai neman rumfa a kasuwa, ja. Mai ƙarar jakin maƙwabci ya ci masa dawa, ja. Mutanen ƙauye ba su san yadda ake faɗinta ba, sai su ce, "Malam, a sa mani jan nan." Wasu kalmomin suka bi bayanta: ɓatan akuya ya zama babbar masifa, kowane mai koke ya zama wanda ke bakin mutuwa.

Malam Attahiru ya ƙi. Ya ce kalmar ta rai ce, in ba rai a ciki ba zai sa ba. Mutane suka fara wuce tabarmarsa suna tafiya wajen Abdu Dogo, wanda ke zama a ɗaya gefen tsamiyar, mai fara'a da saurin hannu. Abdu kan leƙo ya ce, "Malam, jar tawadar taka ta isa aure hwa, ka aurar da ita mana!"

"Ba ta samu miji ba tukuna," in ji Malam, bai ko ɗaga kai ba. Tawadar kan bushe a kwalba, ya ɗiga mata ruwa ya rufe.

Ba za a ɓoye abin da wannan hali ya jawo ba. Wata shekara masu awon hanya suka kafa turaku a gonakin wasu mutanen Rawayya. Wani manomi, Arzika, ya zo yana so a tambayo masa ko ya shuka gefen da aka kafa, ko ya bari. Ya roƙi jan nan, Malam ya ce ba rai a ciki. Maƙwabcin Arzika ya je wajen Abdu, aka sa masa, lokacin kuwa kalmar na da sauran ƙarfi. Amsar maƙwabci ta zo kafin ruwan shuka. Ta Arzika ba ta zo ba sai da gero ya kai gwiwa, rabin gonarsa ya kwana ba komai, har yau kuma ba ya gaida Malam. Gaskiyar ta Malam ce, amma rumbun Arzika ne ya ragu. Ko mutum na da ikon tsare gaskiyarsa da abincin wani? Mai wannan rubutu ya daɗe yana juya tambayar, bai samu inda zai ajiye ta ba.

Sai bazarar 1950. Wata Litinin da hantsi wata dattijuwa ta sauko daga motar kaya da ta taso daga Tsafe, ƙafafunta fari fat, tana tambayar mai rubutu. Sunanta Saude, ungozoma ce a wata 'yar unguwa bayan 'Yankuzo. Ta tsuguna gaban Malam ba ta ko ƙarasa gaisuwa ba.

"Sanƙarau ne, Malam. Wuya ya ƙage, yaro ya sandare, kwana biyu sai rami. Bakwai munka rufe. An aika ta hanyar da anka saba, shiru. Jikata Mairo na bari kwance."

Malam ya yi tambayoyinsa uku, ya rubuta layi biyar: sunan unguwar, yawan waɗanda suka mutu, yawan na kwance, da roƙon a aika malamin asibiti da magani. Sa'an nan ya jawo jar kwalbar. Murfin ya ƙage, sai da ya sa haƙori. Abdu ya daina abin da yake yi yana kallo, ranar bai yi ba'a ba.

Saude ta kai takardar ofis, aka karɓa, aka ce ta saurara. Ta kwana gidan wata 'yar'uwarta. Talata ta wuni a ƙofar ofis, ba wanda ya kira ta. Laraba da safe ta komo gindin tsamiya, tare da labarin da direban Tsafe ya kawo, an ƙara rufe huɗu.

"Malam, ko jan naka bai yi ja sosai ba?" ta tambaye shi. Da gaske take.

Malam ya rufe akwatin ya miƙe. Ba a taɓa ganin ya tashi daga tabarmar kafin azahar ba. Ya taka har ofis, Saude na biye, ya wuce masinja ya tsaya gaban teburin Ma'u, akawun da ke karɓar takardu, saurayi mai ladabi da aiki ya yi wa yawa.

"A'a, Baba! Mi ya kawo ka da kanka?"

"Takardata ta Litinin."

Ma'u ya nuna tulin takardu da ya kusa kai masa kafaɗa. "Tana ciki, Baba. Bi da bi muke yi."

"Na sa mata ja."

Ma'u ya yi 'yar dariyar gajiya, ya ɗebo na sama ya baza su a tebur. "Duba, don Allah. Wacce ce ba ta da ja? Wagga, kaji anka sace. Wagga, mai neman aikin gadi. Ni na daina ganin jan nan, Baba, ya zama kamar kan sarki."

"Ma'u, shekara nawa kana karɓar takarduna?"

"Shida."

"Ka taɓa ganin ja bisa rubutuna?"

Akawu ya miƙe tsaye. Ya shiga tona tulin da hannu biyu, takardu na zuba ƙasa, har ya ga rubutun da ya sani. Ya karanta a tsaye. Bai ko gyara hula ba ya tura ƙofar Bature ba sallama. Kafin la'asar mota ta kama hanyar Tsafe da malamin asibiti da kwalin magani, Saude na zaune a gaba.

Mairo ta tashi. Kunnenta ɗaya ya mutu, amma bana aka ɗaura mata aure. Wasu goma sha uku suka tashi tare da ita, in ji Saude, wadda har yanzu duk kaka takan aiko wa Malam ƙwaryar wake.

Da mutane suka zo yi masa barka, bai karɓa ba. Ya ce, "Huɗun nan na tsakanin Litinin da Laraba, ba ciwo kaɗai ya kashe su ba. An yi kira, kiran bai da sauran murya. Mu masu alƙalami munka cinye ta." Ya sa kansa a ciki, shi da bai taɓa ci ba. Abdu Dogo ya bar jar tawada wata biyu, sa'an nan masu zuwa suka matsa masa, ya koma. Yau ma in ka leƙa ofisoshin, ja ne ko'ina, har an fara ja wa kalmar layi biyu a ƙasa don a nuna wannan karon da gaske ne.

Malam Attahiru, kai ne ka ga abin da mu sauran muka ƙi gani, cewa kalma ma tana ƙarewa, kuma ba ta mutum ɗaya ba ce. Mun ɗebe ta don rumfa da kaji, kai ka bar naka rabon a rufe, ana yi maka dariya, tabarmarka ba kowa. Kai ne mai layi biyar, wanda bai ƙara wa kowa ciwon da ba ya da shi ba. Ba a ce ba ka taɓa kuskure ba, kai ma ba za ka yarda a ce ba. Amma ranar da Turancin ya kasa magana, sunanka ne ya buɗe ƙofa.

Mun gode, Baba. Allah ya sauƙaƙa maka idanun, ya sa ka gama lafiya. Ku kuma da za ku gaji gindin tsamiyar, da akawuna, da 'yan makarantar da ke tasowa da manyan kalmomi a baki, in hannunku ya kai ga babbar kalma don ƙaramin abu, ku dakata. Akwai wata tsohuwa a hanya, ba ta iso ba tukuna, kuma ba ta da wata kalmar sai wannan.