Ranar da na zama saniya a aji ukku

Jiya dai ga ni tsakiyar aji ukku a firamaren garinmu, can gefen Kebbe, na duƙa ina tafiyar saniya, yara na kallona.

Faɗa na tafi yi. Kullum ɗiyata Hadiza na dawowa hannu duk laka, wai gini da kwaikwayo suke yi. Na ce in wasa ne, gara ta zauna gida ta taya uwarta aiki. Yarinyar da ko magana ba ta cika yi ba.

Malamar ta saurare ni tsaf, ta ce, "Baban Hadiza, kafin ka tafi da ita, gwada muna yadda saniyarka ke tafiya."

Ni da na gudu daga boko a aji fuɗu, sai ga shi an zo darasin da na iya. Na taka.

Malamar ta tambayi yara, "Wa zai faɗi mi ya gani?"

Wani ya ce a hankali. Wata ta ce da nauyi. Wani ɗan nema ya ce da tumbi.

Sai Hadiza ta ɗaga saniyar laka da ta gina, wuyanta a karkace. "Tafiyar farar saniyarmu ce, ranar da maraƙinta ya mutu a daji. Ƙafa na jan ta gida, wuya na jan ta baya."

Wallahi ban ma san ina waige ba. Shekara ashirin ina bin shanu, ban taɓa iya faɗin wannan tafiyar da baki ba.

Na gyara hulata, na fito ni kaɗai.

Iyaye, ku ma kun taɓa jin abin da shiru-shirun gidanku ke gani?