Gwaggo Taga Uku

Shekara talatin da ɗaya ta yi a bayan gilashin banki, a taga ta uku, shi ya sa har yau mutanen layinsu suke kiranta Gwaggo Taga Uku. Tun da ta yi ritaya aikinta bai wuce ba wa furanninta ruwa da zama a baranda ba, sai dai barandar ma ta koma taga. Tela zai zo da saƙon da aka turo masa a waya, ta ce ya goge, banki ba ya tambayar lambar sirri, ko manaja ba shi da hurumin jinta. Matar direba za ta kawo rasit duk ya koɗe, ta ce tawadar irin wannan takarda ba ta jure zafin aljihu, a ɗauki hotonta tun ranar farko. Takan ce a je banki Talata ko Laraba da hantsi, a guji ƙarshen wata, kuma asusun da aka daɗe ba a taɓa ba barci yake yi, tashinsa sai an sha zirga-zirga.

Amma wadda ta fi maimaitawa ita ce ta magaji: kowa ya duba sunan wa ya rubuta a takardarsa, ya tabbatar mai sunan yana raye. Ta sha ganin marayu a kan bencin jira, wata da watanni, da takardu a leda.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, a tata takardar sunan mijinta ne, shi kuwa shekara tara ke nan da rasuwarsa.

Mijin nata kafinta ne. A tagar nan suka haɗu. Ya zo da fensir a maƙale a kunne, yana ƙanshin sabon katako, sa hannunsa kamar kaza ta bi ta kan yashi. Sau uku ta mayar masa da takarda tana cewa bai yi daidai ba, ya sake. Sai bayan aurensu ya faɗa mata da gangan yake lanƙwasa wutsiyar harafin ƙarshe, don ya daɗe a tsaye. Ranar da take cike takardar asusunta kuwa, ya fizge biron ya rubuta sunansa da kansa a gurbin magaji, wai kada wani ya riga shi. Duk lokacin da ta yi niyyar canzawa, sai ta ji kamar za ta ce masa ya matsa daga layi.

Auta, 'yarta tilo da ta rage a kusa, ita ta fara lura kofin shayi yana kaɗawa a hannun uwar. Likita ya ce rawar za ta riƙa ƙaruwa a hankali. Gwaggo ba ta buƙaci a yi mata bayani ba: ranar da hannun ya ƙi biro, Auta ce za ta zauna a kan wancan bencin. A hanyar komawa gida Auta ta tambaye ta wane ne magajinta a banki. Gwaggo ta shiga kallon wata bishiya ta tagar mota.

"Inna, kin gyara wa layi guda takardu, naki kuma kin bar wa Baba ya taso ya karɓa?"

Gwaggo ta ce yarinyar nan ba ta da kunya.

Ranar Laraba da hantsi ta je. An cire tsohon agogon bango, an canza kujeru, amma sanyin wurin da warin tawadar hatimi suna nan. Tana tsaye a layi sai ta ga kamar daga ciki take kallo, ga mijinta can na huɗu, yana shafa fensirin kunnensa, yana barin mutane su wuce gabansa don kada ya faɗa taga ta biyu.

Wata budurwa ce a taga ta uku, ba ta san ta ba. Gwaggo ta roƙe ta ta nuna mata tsohuwar takardar. Yarinyar ta ce ai duk an ɗauke su a kwamfuta, ta juyo mata da allon. Ga rubutunsa nan, ya haura layi, wutsiyar a lanƙwashe. Ta tambaya ko za a goge idan ta canza. Aka ce mata a'a, tsohuwar tana nan a ajiye, sabuwar ce kawai za ta hau kanta.

Ta rubuta sunan Auta a hankali, harafi bayan harafi, ta sa hannu. Yarinyar ta duba allo, ta duba takarda.

"Mama, yi haƙuri, bai yi daidai ba. Ki sake."

Gwaggo ta yi dariya har ta share ido da gefen mayafi. Ta sake, ya ƙi. A na uku ta dafe wuyan hannunta da hagu, ta ja biron yadda ta saba. Yarinyar ta ɗauki hatimi ta buga.