Mai Ido da Hoton da Ya Tsaya a Goshi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Mayu, da hantsi, matarka ta kira ni ta ce ka cika a kan kujerar aikinka. Sai da ta maimaita, kamar tana yi da wanda ba ya jin Hausa.

Malam, jama'a ba su san ka ba, amma kullum suna cin arzikinka. Mutum zai buɗe hoto a waya ko a kwamfutar ofis, bai san 'yar manhajar nan taka ce ta buɗe masa ba. Kyauta ka bar ta, kowa ya leƙa cikinta, kowa ya kawo gyara. Na tuna mai ɗaukar hoton nan da ya zage ka tas a bainar jama'a don hotunansa sun fito kore. Ni har na wasa baki zan rama. Kai kuwa ka gode masa, ka gyara, ka sa shi cikin waɗanda aka yaba wa.

Mu masu taya ka Mai Ido muke ce maka, saboda wata ɗabi'a da ta sha ƙona mini rai. Ko na'ura ta gwada ta ce komai lafiya, ba a sakin sabon zubin manhajar sai ka sa tabarau, ka manna hanci a gilashin kwamfuta, ka duba hotunan gwaji ɗaya bayan ɗaya. In ka gamsu, ka rubuta "Na gani" daga asusunka. Haka ka ɗaure abin: in babu wannan, ba ya fita. Na sha yi maka tsiyar tsufa, kana dariya kana cewa inji bai san fuskar mutum ba.

Sai daga baya na san dalilin nacewarka kan farfaɗo da fayilolin da suka lalace. Hoton ƙarshe na 'yarku, kafin rasuwarta, yana wayar mahaifiyarta. In an buɗe, sai ya sauko har goshi ya tsaya, sauran duk launin toka. Ka yi mata alkawarin ba za ka buɗe shi kai kaɗai ba, sai zubin ya fita ya iso wayarta, ku gani tare. Saura gyara ɗaya ajali ya zo.

Bayan mun dawo daga maƙabarta ni na ƙarasa gyaran. Amma wa zai sa hannu? Kalmar sirrinka ta bi ka ƙasa. Na je wurin matarka na ce mata, Anti, ki kawo wayar in buɗe miki a kwamfutata, ba sai an saki ba. Ta girgiza kai.

"Ƙanena, abin da bai duba ba, ba za a taɓa mini 'ya da shi ba."

Raina ya ɓaci, wallahi, da ita da kai duka. Ta ce in zauna a ɗakinka ta kawo ruwa. La'asar ce, rana na shigowa ta labule. Kwamfutarka na kan tebur a rufe, igiyarta a cire, a naɗe. Ina zaune a bakin tabarma, don na kasa hawa kujerar nan, sai wayata ta yi motsi. Saƙo ne daga asusunka, a ƙarƙashin gyaran da na yi bayan binne ka: "Na gani."

Ni ba mai camfi ba ne, na kuma san wanda ya tafi ba ya dawowa. Abokan aiki sun ce wataƙila ka tsara saƙon tun kana raye. Na bincika ko'ina, ban ga alamar haka ba. Abin da na gani a ɗakin a la'asar ɗin nan shi ne tabarau ɗinka a kan kwamfutar, hannayensa a buɗe, yana fuskantar taga. Anti ta shigo da kofi, ta tsaya cak, ta ce ita ta ninke shi da hannunta ta sa a aljihun tebur. Na yi ta salati a zuci.

Zubin ya fita. Da ya iso wayarta ta kira ni, wai ba za ta iya ita kaɗai ba. Ta danna, ni na kau da kai, don ba rabona ba ne. Can ta yi magana, ba da ni ba, tana duban kujerarka.

"Malam, ashe dariya take yi."

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa abin da ka bar wa mutane ya zame maka sadaka mai gudana. Ya haɗa ka da 'yarka a Aljanna. Anti, 'yan'uwa da dukkan dangi, Allah ya ba ku haƙuri, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.