Butocin da Baba Labbo Ya Kai Gindin Lalle

Kullum bayan sallar asuba, kafin a buɗe ƙofar ƙaramin asibitin garinmu a ƙasar Gummi, Baba Labbo yana can tsugune yana tsince busassun ganye a gindin shukokinsa. Lebura aka ɗauke shi, aikinsa shara. Ba wanda ya sa shi shuka komai. Shekararsa goma sha tara a nan, ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, kuma na san ba wanda zai shirya masa taro. Shi ya sa na rubuta wannan.

Lokacin da ya zo, farfajiyar asibitin fili ne fetal, sai tumfafiya da kashin awaki. Ya yanko rassan lalle a gidan Inno, tsohuwar ungozoma, ya kafa shinge da su. Ya tono itacen kariya a duwatsun hanyar Bukkuyum ya goyo a keke. Ya dasa itatuwan marga biyu a bakin ɗakin kwanciyar marasa lafiya. Yau wanda ya zo da bazara, daji ya bushe ƙurmus, zai ga marga ta sako furanni rawaya har suna lilo, kariya ta yi jajir ba ganye ko ɗaya, ƙamshin lalle kuwa har kan titi.

Bazarar 2003 ce ta gwada shi. Rijiyar asibiti ta ja baya, sai an jira ruwa ya taru kafin a cika guga. Alhaji Maikuɗi, shugaban kwamitin unguwa, ya same shi da bokiti a gindin lalle.

"Labbo, wanga abu ana cin shi?"

"A'a, Alhaji, kallon shi ake yi."

"To ga mata can sun jera tuluna, kai kana shayar da icce. Daga yau ko moɗa guda."

Gaskiya Maikuɗi ya faɗa, mutum yana gaban itace. Labbo bai yi musu ba, ya kife bokitinsa. Kariya da marga suna jure ƙishi, amma cikin mako biyu lalle da ƙananan dashe suka fara kakkaɓe ganye.

Wata rana aka fito sallar azahar, ba buta ko ɗaya a ƙofar masallacin asibiti, duwatsun da ake tsugunawa a kansu ma babu. Liman Bala ya leƙa farfajiya, ya gan su jere, kowane gindin shuka da dutsensa da butarsa.

"Labbo, mi ya kawo butocinmu nan?"

"Malam, ba ruwan sha nike roƙo ba. Na alwala wanda kuke zubarwa ƙasa sau biyar kullum, ku zubar min shi nan."

Liman ya duba wurin, ya ga tsaf yake, ya naɗe hannun riga ya tsuguna, sauran suka bi. Maikuɗi ya zo ƙarshe, Labbo ya nuna masa wani ɗan lalle da ya kusa bushewa.

"Don mi ni za a ba mai mutuwa?"

"Kai ka hi kowa daɗewa wurin alwala, Alhaji."

Ko gindi ɗaya bai mutu ba. Na Maikuɗi yau ya wuce tsayin mutum, kuma ba ya yarda kowa ya tsuguna a wurin.

Masu cewa fure aikin banza ne su tambayi Saude, wadda ta yi kwana shida tana jinyar ɗiyarta a ɗakin marasa lafiyar nan. Ta ce da ni margar bakin taga take kafa wa ido duk lokacin da zuciyarta ta so karyewa.

Baba Labbo, kai ne ba ka yi faɗa da kowa ba, ba ka saci ruwan kowa ba, ba ka kuma bar amanar da ka ɗora wa kanka ta mutu ba. Mun gode. Allah Ya saka maka da inuwar da ba ta gushewa.

Ku kuma samari, ina ganinku. Tun bai tafi ba kun fara janyo butoci ƙofar masallaci saboda ƙyuya. Bazara ta shigo, rijiya ta fara ja. Daga ƙofar zuwa gindin lalle taku goma sha biyu ne, na ƙirga. Tsoho ya yi aikin shekara goma sha tara, wannan kaɗai ya bar muku.